Sunan da Ake Ambata Kafin a Ci

Da aka taso daga coci ranar Lahadi, Lyle Brandvold ya shiga kicin ya tarar da ƙunshi biyu na farar takarda a cikin kwanon ruwa, ƙanƙararsu ta gama narkewa. Ko bai buɗe ba ya san abin da ke ciki. Ya tsaya da makullin mota a hannu yana kallonsu.

"Rhonda," ya ce da ƙaramar murya, "ba na ce zan sayo na kanti ba?"

"Ka ce. Tun Alhamis kake cewa." Matarsa ba ta juyo ba, tana ta yanka kabeji. "Yau kuma kanti a rufe yake, ka fi ni sani. Bijimi guda yana kwance a firizarmu, ni kuwa wata biyu ina dafa kaza kamar gidan masu jinya. Na gaji, Lyle."

"Yi a hankali mana, tana sama."

"Ai tun Agusta nake yi a hankali."

Wadda take sama ɗin 'yarsu ce, Tessa, ranar ta cika shekara goma. Abin da ke cikin takardar kuwa sosej ne, niƙaƙƙen nama da aka ɗura dogo-dogo, wanda mahaucin garinsu ya yi da naman Otis.

Otis maraƙi ne da uwarsa ta mutu tana haihuwarsa. Tessa ce ta raine shi da kwalbar madara, kafin ta tafi makaranta da bayan ta dawo, har ya zama bijimi ja mai farin goshi da yake bin ta a fili kamar kare. Kowane ɗan manomi a wannan yanki na jihar Iowa ta Amurka ya san yadda irin wannan kiwo yake ƙarewa. Ka ciyar, ka wanke, ka taje, ka kai bajekolin gunduma a watan Agusta alƙalai su duba, ranar ƙarshe a yi gwanjo. Bayan gwanjo kowane yaro da hannunsa yake jan dabbarsa har bakin motar mahauta, ya cire mata ragama, ya rungume wuyanta ya yi kuka iya kukansa, sannan ya koma gida. Iyaye sukan tsaya daga gefe su ƙyale su. Su ma haka aka yi musu.

Da safen ranar gwanjon Tessa tana taje wa Otis wutsiya ta ɗago kai ta ce, "Baba, shi ma motar zai shiga?" Lyle ya dubi fuskarta, ya ga leɓenta yana rawa, sai ya ji bakinsa yana cewa wani mutum daga jihar Montana mai makekiyar makiyaya ya ga Otis ya yaba da hankalinsa, zai tafi da shi can ya zauna cikin ciyawa har ya tsufa. Ya ƙara da cewa wata rana za su kai masa ziyara. Da motar ta zo yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dafa goshin Otis ta ce, "Sai Kirsimeti," ta ruga wajen lilo da ƙawayenta. Mai kantin taki ne ya saye shi a gwanjon, don dai ya ƙarfafa wa yarinya gwiwa kamar yadda 'yan kasuwar garin suka saba, ba ya kuma bukatar nama. Lyle ya karɓi naman daga hannunsa, domin manomi ba ya barin naman da ya san cimarsa ya tafi gidan wani.

Lyle yana kiran abin da ya yi tausayi. Ƙarya ce ya yi, kuma in ma akwai tausayi a ciki, kansa ya tausaya wa. Ba ya son ya tsaya a gaban jama'a 'yarsa tana kuka ba shi da abin da zai ce mata. Ya san haka, shi ya sa tun daga ranar ko gareji ya shiga ba ya duban kusurwar da firiza take.

Tessa ta sauko da gudu, ta canza kayan coci, gashinta a ɗaure. Tun makon jiya ta faɗi abin da take so ranar haihuwarta: kondog na gida, wato sosej a tsinke da ake tsomawa a ƙullun masara a soya, na hannun babanta, domin a bajekolin bana layi ya yi tsawo ba ta samu ba. Lyle ba ya girki, amma wannan kam ya iya. Yana saurayi ya yi damina da yawa yana suya a rumfar cocinsu a filin bajekoli.

"Ni zan soke su!" ta ce, ta ja kujera.

"Bari in yi, Tess. Je ki taya mamanki."

"Ranata ce fa. Ka ce duk abin da nake so."

Ya ce ɗin. Ya warware takardar da kansa, ya dunƙule ta ya jefa a shara. Ya nuna mata yadda za ta goge kowane sosej da tawul har ya bushe, domin in da laima ƙullu ba zai kama ba, sai ya zame a cikin mai ya bar nama tsirara. Ta goge, ta mirgina a ɗan fulawa, ta soka tsinken katako ta tsakiya a hankali, harshenta a waje, don kada ya ɓullo ta gefe. Shi kuma ya zuba garin masara da fulawa a babban kwano, ya sa gishiri da hodar tashi, ya fasa ƙwai, ya tsiyaya madara mai tsami da zuma. Yana juyawa yana satar kallon yatsunta a kan naman.

Ta kai ɗaya hanci. "Wannan ya fi na kanti ƙamshi."

Rhonda ta ajiye wuƙa, ta fita ɗebo abin da ba ta bukata.

"Baba, an fara dusar ƙanƙara a Montana?"

"Mai yiwuwa."

"Mutumin yana da rumfa dai ko? Otis ba ya son iska ta shiga kunnensa."

"Yana da ita."

"Na ajiye masa tuffa a ƙasan matakala, na bishiyar baya, waɗanda yake so. Na naɗe kowace a jarida. Kaka ya ce haka suke kaiwa Kirsimeti ba su ruɓe ba."

Lyle ya ci gaba da juya ƙullun har ya wuce misali, alhali shi ne mai cewa in aka cika juyawa sai ya yi tauri. Wata biyu ke nan kullum sai ya ƙara wa mutumin Montana wani abu. Ya ba shi rumfa, ya ba shi rafi, ya ba shi mata mai kirki da karnuka. Har ya fara jin haushin mutumin da babu shi.

Ya juye ƙullun a doguwar kwalba mai faɗin baki, ya ɗauki tiren ya nufi gareji, inda ya ɗora tukunyar ƙarfe a kan murhun gas, don Rhonda ba ta yarda a cika mata gida da ƙaurin mai. Masarar maƙwabta ta bushe a tsaye tana jiran injin girbi. Ya ɗiga ƙullu kaɗan a man, ya nutse ya taso yana tsuwa. Ya kama tsinke ɗaya ya tsoma a kwalbar har wuya, ya zaro yana murzawa, ya kwantar da shi a mai.

Daidai lokacin tsohuwar akori-kurar mahaifinsa ta shigo tana tari. Orville Brandvold ya sauko da ƙyar, ƙafa ɗaya kafin ɗaya. Tun da matarsa ta rasu nan yake cin abincin ranar Lahadi. Tessa ta fito ta rungume shi.

"Kabewata!" ya ce, laƙabin da yake kiranta da shi ke nan. "Goma cif? To kin kusa kamo ni."

"Kaka, kai ai ka fi ɗari."

"Ji mara kunya. Kyautarki na mota, kada ki buɗe sai an ci abinci. Shiga ki ce wa uwarki kofi, baƙi, ba irin ruwan wankin da take ba babanki ba."

Da ta shige, tsohon ya leƙa tukunya, ya dubi tiren, ya gyaɗa kai. Shi ya ɗauko naman daga wajen mahauci a watan Agusta, ya san ƙullin igiyar sosej ɗin mutumin. "Ashe yau za a buɗe shi. Na ɗauka kun ajiye shi ne don tarihi."

A nan ne abin da Lyle yake turewa tun safe ya iso. A gidan Brandvold ba a fara cin dabbar gida sai an ambaci sunanta a addu'a. Kakan Orville ne ya zo da wannan, ba wanda ya taɓa karya shi. A riƙe hannu, a sunkuya, babba a gidan ya gode wa Ubangiji da dabbar da sunanta, sannan a ci. Lyle kansa yana ɗan yaro ya zauna a teburin mahaifinsa ya ji an kira sunan tunkiyarsa, ya haɗiye abinci da hawaye.

"Baba," ya ce, idonsa a kan mai, "in za ka yi addu'a yau, ka tsallake sunan."

"Saboda me?"

Lyle ya faɗa masa. Bai daɗe ba, domin abin ba shi da tsawo in an cire ƙawa. Orville ya saurara hannuwansa a aljihu.

"Montana," ya ce.

"Da ka ga fuskarta ranar."

"Na ga taka lokacin da kake kamarta. Ta fi tata muni, majina har haɓa. Ka mutu?"

"Zamani ya canza, Baba."

"Shanu ba su canza ba. Shi ya sa take tambayata yadda ake adana tuffa? Ni kuma ina ta koya mata kamar wawa." Tsohon ya tofar da yawu a waje. "Ka sa ni cikin ƙaryarka ban sani ba, yanzu kana so ka sa ni da sanina."

"Ba ƙarya na ce ka yi ba. Shiru kawai za ka yi a wurin."

"Idona a rufe, hannun yarinyar a cikin nawa, ina magana da Wanda ya halicci bijimin? Shi ma Montana za mu ce masa?"

"Ranar haihuwarta ce."

"Kai ka zaɓi ranar, ba ni ba. Juya abin nan, yana ƙonewa."

Ya ƙone ɗin. Lyle ya tsamo shi baƙi ta gefe ɗaya, ya fashe ta ɗayan. Ya ajiye shi can gefe ya tsoma wasu.

"Saurara," in ji Orville. "Ba zan faɗa mata ba, ba ni na haife ta ba. Ba kuma zan yi addu'a a kan naman da aka ɓoye mai shi ba. Gidanka ne, teburinka ne. Kai za ka yi addu'ar yau. Abin da ka ga dama ka faɗa, ni dai zan ga ko bakina zai iya cewa amin."

Ya juya ya shiga gida neman kofinsa.

Lyle ya ƙarasa suyar shi kaɗai. Sun yi kyau, abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan. Jajaye, a kumbure, ba tsaga. Yana jera su a kan takarda yana shirya kalmomi. Zai gode da girbi, ya gode da lafiya, ya gode da Tessa, ya ce amin da sauri. Yara ba sa lura. Bayan Kirsimeti, in ta ɗan manta, sai ya ce mutumin Montana ya bugo waya, Otis ya yi ciwo ya mutu cikin barci. Ya ji abin ya tsaru, sai kuma ya ji kunya ta rufe shi ganin yadda ya tsaru da sauƙi. Mutumin da bai taɓa cin ko sisin wani ba, ga shi ya ƙware a ƙaryar da yake hana 'yarsa.

Aka zauna su huɗu. Tessa tana tsakanin babanta da kakanta, ta riga ta zaɓi mafi girma ta ɗora a farantinta, ta zana masa layin mastad, miyar nan mai ruwan ɗorawa, daga sama har ƙasa. Aka riƙe hannu. Kowa ya jira Orville, Orville ya dubi ɗansa.

"Babanki ne zai yi yau, Kabewa. Maƙogwarona ya bushe."

Lyle ya sunkuya. Ya gode da masarar da ta nuna ƙanƙara ba ta buge ta ba. Ya gode da lafiyar tsoho. Ya gode da Tessa da shekarunta goma. Hannun yarinyar a cikin nasa ɗumi ne, akwai sauran fulawa a tsakanin yatsunta. Ya ce, "Mun gode da abincin nan," ya buɗe baki zai rufe addu'a.

"Baba," ta raɗa, idonta a rufe, "ka manta suna."

Ta ɗan matse hannunsa.

"Ko na kanti ne? In na kanti ne ba komai, ba su da suna."

Ƙofa ce ta buɗe masa da kanta, kalma ɗaya zai ce ya wuce. Rhonda ba za ta tona ba, Orville ya ce ba zai yi magana ba. Lyle ya ji hannun matarsa a ɗaya gefen ya saki nasa kaɗan, kamar ta riga ta san abin da zai zaɓa ta fara janyewa. Kada a ɗauka jarumta ce ta kama shi. Ya dai ga cewa in ya ce na kanti ne, yarinyar za ta ɗauki tsinken nan ta ci, ta ce ya yi daɗi, ta nemi ƙari, shi kuma zai miƙa mata.

"Ba na kanti ba ne, Tess," ya ce. "Otis ne."

Ta buɗe ido. Ta dubi farantinta, ta dube shi.

"Otis yana Montana."

"Babu Montana."

"Akwai mana. Na gani a taswira."

"Akwai jihar. Mutumin ne babu. Ni na ƙirƙiro shi. Otis motar da sauran suka shiga ya shiga. Ƙarya na yi miki, tun ranar gwanjo har yau da safe."

Bai san me ya yi tsammani ba, wataƙila ihu, ko ta ruga sama ta buga ƙofa. Da ya fi masa sauƙi. Ta zare hannunta daga nasa a hankali ta ɗora a cinyarta. Na kakanta ba ta saki ba.

"Da hannuna na soke shi da tsinke," ta ce.

"Laifina ne."

"Mama, kin sani?"

"Na sani," in ji Rhonda, idonta ya cika. "Ni ma na yi shiru. Ba ni da abin cewa."

Hawaye suka fara zubo wa yarinyar, ba ta share ba. "Na san ana yanka su, Baba. Ni ba jaririya ba ce. Kowa a ajinmu ya sani. Na ɗauka nawa ne kaɗai ya tsira, har ina jin kunyar ƙawata Marnie don nata bai tsira ba. Ita ta raka nata har bakin mota, ta riƙe wuyansa sai da direba ya ce lokaci ya yi. Ni sai Kirsimeti na ce masa. Na tafi lilo. Yana ta kallona, na tafi lilo."

Wannan Lyle bai taɓa lissafawa ba. Duk wata biyun nan tsoronsa shi ne ranar da za ta san Otis ya mutu. Bai taɓa tunanin akwai abin da ya ƙwace mata a bakin motar nan ba, wanda ba a sake samunsa. Ya ce ta yafe masa. Kalmar ta fito ƙarama, ta faɗi a tsakiyar tebur, ba wanda ya ɗauka.

Bayan wani lokaci Tessa ta ja hanci ta ce, "Kaka, ba a gama addu'ar ba."

Orville ya rufe ido. Muryarsa ba ta bushe ba ko kaɗan. "Ubangiji, mun gode da Otis, ja mai farin goshi, wanda yarinyar nan ta raina da hannunta tun ba ya iya tsayuwa. Bai taɓa harbin kowa ba. Ka sa kada mu ci shi a banza. Amin."

"Amin," in ji Tessa.

Ta ture kondog ɗin gefen faranti ta ɗebi kabeji. Kakanta ya ce ba dole, yau ko wata rana. Shi ya ɗauki ɗaya ya ci a natse, Rhonda ta bi shi, domin a gidan nan dabbar da aka ambaci sunanta ba a zubar da ita. Lyle ya ɗauki wanda ya ƙone. Yana taunawa kamar takarda.

Can Tessa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ya ji zafi?"

Lyle ya yi saurin ajiye tsinke. Wannan kam ya san amsarta, kuma gaskiya ce. "A'a. Na san mahaucin, na san yadda yake aiki. Lokaci ɗaya ne, bai ma san abin da ya faru ba."

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta juya wajen tsohon.

"Kaka, gaskiya ne?"

Orville ya dubi ɗansa ta saman kan yarinyar, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Gaskiya ne, Kabewa."

Sai a lokacin ta gyaɗa kai. Lyle ya zauna yana kallon ta tana tsintar kabeji da cokali, ya san daga yau duk abin da ya faɗa mata sai ta nemi mai shaida. Ya miƙa hannu ya ja tiren gabansa, akwai saura da yawa, ya ɗauki wani.